Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 Ga 'Yan Ƙungiyarmu, Hausawa Ma'aikatan Jami'a A Wad Madani

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu dattawa, malamanmu, 'yan uwa maza da mata.

Wannan ne rahoton shekara na farko da kwamiti ya samu ikon gabatar muku tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023. Na waccan shekarar ba a kai ga rubuta shi ba, domin a cikin Disambar da muka saba zama ne dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin ƙasa, suka shigo Madani, kowa ya fita da abin da hannunsa ya iya ɗauka. A 2024 kuwa muna warwatse, wasu a Gadarif, wasu a Kasala, wasu a Bur Sudan, wasu sun tsallaka Masar ko Saudiyya. Sojoji sun karɓe garin ranar 11 ga Janairu 2025, daga nan jama'a suka fara dawowa kaɗan-kaɗan. Saboda haka abin da ke cikin wannan takarda aikin shekarar komawa gida ne.

Kafin komai, ta'aziyya. Mun rasa 'yan uwa a cikin waɗannan shekaru, wasu da harsashi, wasu da cutar da a da ake maganinta cikin sauƙi, wasu a hanyar gudun hijira. Sunayensu suna shafin da aka raba muku tare da wannan rahoto. Allah Ya jiƙansu da rahama, Ya sa shahada ce, Ya raya abin da suka bari.

Aikin da muka fara da shi shi ne sanin wa ke raye kuma ina yake. Littafin rajistarmu ya salwanta tare da ofishin da yake ciki, lambobin waya da yawa sun mutu, kuma kun tuna tun Fabrairun 2024 da layuka suka ɗauke sai mutum ya biya kuɗi a wurin masu Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan'adam, kafin ya aika saƙo ɗaya. Direbobinmu ne suka fitar da mu. Su suka san wace mota ta kwashi iyalan wane, a wane gari aka sauke su, kuma ta bakinsu muka sake haɗa rajista. Har yanzu akwai gidajen da ba mu ji ɗuriyarsu ba. Duk wanda ya san wani abu ya sanar da sakatare.

Da jami'a ta buɗe ƙofa, sai muka kira gayya don share harabar. Sharaɗin da muka kafa tun farko shi ne ba wanda zai shiga ciyawa ko wani ɗaki sai ƙwararrun masu cire nakiya sun riga sun bi ta wurin, kuma duk ƙarfen da ba ka san shi ba, kada ka taɓa, ka yi alama ka kira su. Alhamdu lillahi, ba wanda ya ji ciwo. Ana fitowa bayan sallar asuba a tashi kafin rana ta take, Juma'a bayan Juma'a, tare da abokan aikinmu na kowace ƙabila, domin gayya ba ta tambayar asali.

Akwai abin da kwamiti yake so ya shiga tarihi daga wannan aikin. A ofishin rajistar ɗalibai an tarar da fayiloli zube a ƙasa, ruwan damina ya shigo ta tagogin da aka cire, gara ta ci wasu. Matasa sun ɗauko buhuna za su kwashe su zuwa bola. Baba, dattijon masinjan da ya tsufa yana kai takardu daga ofis zuwa ofis, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "'Ya'yana, ku dakata, wannan shekarun mutane ne." Ya shimfiɗa tabarma a inuwa, ya sa ana miƙo masa, yana ware su da launin bango da rubutun hannun magatakardan da ya cike su, wannan na kulliyyar noma, wancan na tarbiyya. Waɗanda suka jiƙe aka shanya su shafi-shafi, aka danne da duwatsu. Daga baya ma'aikatanmu na sashen kwamfuta suka ɗauki hoton kowane shafi da waya. Yau idan wani tsohon ɗalibi ya zo neman shaidar karatunsa ya samu, a cikin ladan akwai rabon wannan dattijo. Mun gode, Baba.

Azumi ya kama ranar 1 ga Maris, lokacin mutane sun dawo sun tarar da gidaje babu ko tukunya. A nan reshen mata ya buɗe takiyya, wato wurin dafa abincin sadaka, a unguwar da yawancin ƙananan ma'aikata suke zaune. Wannan shi ne aiki mafi girma da ƙungiya ta yi a bana, kuma shi ya fi cin kuɗi da ƙarfi. Adas (wani irin wake) da balila (dafaffen tsaba) kullum, asida (tuwo) idan an samu garin dawa, ga kunu domin yara da tsofaffi. Iskar gas ta gagara, sai itace da gawayi, kuma duk wadda ta taɓa tsayawa kan babbar tukunya da azumi a bakinta cikin zafin Madani ta san abin da ake nufi. Tun da hantsi ake jera robobi da kwanuka a layi, kowa ya san nasa, masu su su koma inuwa sai la'asar sakaliya su dawo su ɗauka. Iyayenmu mata masu shara da masu aikin ɗakin kwanan ɗalibai su suka riƙe wutar nan. Niyyarmu ta wata ɗaya ce, amma da Sallah ta wuce layin bai ragu ba, sai aka ci gaba, kwana biyu a mako, har zuwa kaka.

Kuɗin ya fito ne daga karo-karonku da kuma abin da 'yan uwanmu na Makka da Jidda da Riyad suke turowa ta Bankak, manhajar banki ta waya. Wahalar da aka sha ita ce ta tsabar kuɗi. Tun canjin takardun jine (kuɗin Sudan) 500 da 1,000 da aka fara a Disambar 2024, kuɗi a hannu ya yi wuya, mai itace kuma ba ya karɓar turawa ta waya. Ma'aji zai karanta muku lissafi dalla-dalla bayan wannan rahoto, kuma littafin yana nan ga duk mai son dubawa.

An yi muhawara a kwamiti a kan ko a fara ba namu kafin a ba wasu, tunda da guminmu ake dafawa. Matsayar da aka ɗauka ita ce duk wanda ya ajiye kwano a zuba masa, kuma ni sakatare ina nan a kan cewa daidai aka yi. Ba mu manta 2022 ba, lokacin rikicin jihar Nilul Azrak, da 'yan uwanmu suka gudo daga Rusairis da Wad Mahi. Mun san ɗacin a tambayi mutum ƙabilarsa kafin a ji kukansa, kuma mun san waɗanda suka buɗe musu ƙofa a lokacin ba duka Hausawa ba ne. Matasan nan na ɗakunan agajin gaggawa da suka ciyar da Khartum a cikin wuta, waɗanda aka ba lambar yabo ta Right Livelihood a 2025, da wannan ƙa'idar suka yi aiki.

Da damina ta faɗi sai hankali ya koma kan lafiya. Kwalara, wadda ma'aikatar lafiya ta sanar da ɓullarta tun Agustan 2024, a lokacin ba ta bar ƙasar ba, ga zazzaɓin dengi, ga maleriya da muka saba da ita. 'Yan uwanmu ma'aikatan jinya da na ɗakin gwaje-gwaje suka tsara fita ranar Asabar zuwa kanabi (jam'in kambo), wato matsugunan leburorin gona da ke bakin tur'a, magudanar ruwan ban-ruwa. Wasu sun tambaya me ya kai ƙungiyar ma'aikatan jami'a kambo. Amsar tana cikin gidajenmu. A bana aikin noman Jazira ya cika shekara 100, tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925, kuma a cikin hannayen da suka tsinci audugarsa akwai na kakanninmu, waɗanda suka biyo hanyar hajji da waɗanda suka zo bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna tare da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru. Da yawa a cikinmu daga kambo aka kai mu makaranta. Har yau mutanen can daga tur'a suke shan ruwa, a ciki ake wanka, a ciki dabbobi suke sha.

Abin da aka koyar ba mai yawa ba ne, amma shi ke raba rai da mutuwa. Lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a yi ta bai wa mai gudawa yana kurɓa har a isa asibiti. Yadda ake sa kulorin a ruwan sha. Cewa sauron dengi da rana yake cizo, kuma a cikin ruwa mai tsabta na randa da ganga yake ƙwai, don haka a rufe su, a wanke su duk mako. Cewa mai dengi parasitamol zai sha, a nesanta shi da asfirin da burufen saboda suna iya jawo zubar jini. A wani kambo, bayan an gama bayani da Larabci kowa ya gyaɗa kai, sai 'yar uwarmu ma'aikaciyar jinya ta maimaita da Hausa. Nan take wata tsohuwa ta matso ta ce, "'Yata, ashe gishirin kaɗan ne? Ni tafin hannu nake zubawa." Wannan kaɗai ya isa dalilin fitarmu. An kuma ga yara maza da yawa masu fitsarin jini, iyaye suna ɗauka alamar girma ce, alhali tsargiya ce da ake kamuwa da ita a ruwan tur'a, kuma tana da magani, farazikwantil. An rubuta sunayensu an miƙa wa cibiyar lafiya mafi kusa.

A ɓangaren karatu, jarrabawar shahada ta Sudan, wato ta kammala sakandare, da ta tsaya saboda yaƙi an sake yin ta ne a ƙarshen Disambar 2024, aka yi ta gaba a ƙarshen Yunin 2025. Yaranmu sun daɗe rabonsu da allo. Wasu malamai matasa suka buɗe darasin yamma kyauta a ƙarƙashin rumfa, lissafi da Ingilishi da kimiyya, ga 'ya'yan ma'aikata da na maƙwabta. 'Yan mata sun fi maza zuwa kuma sun fi su dagewa. Muna roƙon iyaye maza, duk da mun san halin da ake ciki, kada tuƙin raksha, keke mai ƙafa uku, ya cinye wa yaro shekarar jarrabawarsa.

Asusun zumunci ya tsaya wa waɗanda aka yi wa rasuwa da masu haihuwa gwargwadon hali, ya kuma saya wa wasu tsofaffin ma'aikata maganin hawan jini da na sukari. An yi walimar Babbar Sallah, matasa suka gasa agashe, wato tsire, aka buga ƙwallo tsakanin malamai da ma'aikata.

Yanzu ga maganar da kwamiti ya ɗora mini in faɗa muku ba tare da kwana-kwana ba. Idan kuka sake bin rahoton nan, za ku ga direba, masinja, mai shara, mai gadi, ma'aikaciyar jinya, malami matashi. Waɗanda albashinsu ya fi ƙanƙanta, kuma ba kullum yake zuwa a kan lokaci ba, su suka ɗauki nauyin shekarar nan da jikinsu. Manyanmu, daktoci da farfesoshi, kun ba da kuɗi, wasu ma kun ba da fiye da abin da aka nema, Allah Ya saka da alheri. Amma zumunta a ƙafa take. Akwai ƙofar da ba ta buɗewa ga mai gadi sai ga farfesa. Da a ce ɗaya daga cikinku ya bi mu kambo ya ga tur'ar nan da idonsa, sannan ya shiga ofishin da ya dace ya yi magana, da batun ruwan sha ya wuce inda yake yanzu. Malamin injiniya da zai duba famfo, malamin noma da zai gaya wa mai hawasha, wato gonar ban-ruwa, wace dawa zai shuka tsakanin Tabat da Wad Ahmad, malamin shari'a da zai bi wa gwauruwa haƙƙin mijinta, duk muna da su a rajista. Abin da muke nema yini ɗaya ne a wata. Mata masu takiyya sun gaji, wasunsu sun kwanta ciwo, kuma ba daidai ba ne a shekara mai zuwa a sake barin su su kaɗai.

Abubuwa biyu ba su kammalu ba. Famfo mai aiki da hasken rana da muka ƙudurta wa kambon da ya fi fama da gudawa ya tsaya, saboda farashin kayan yana tashi kafin kuɗin ya taru. Abin da aka tara yana ajiye da sunan aikin, ba a taɓa shi ba. Sai kuma firij na ajiyar insulin domin masu ciwon sukari, wanda a yanzu cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi suke adana shi saboda ɗaukewar wuta. Kwamiti yana ba da shawarar a fara da firij ɗin tunda ya fi sauƙi, amma hukunci naku ne.

Wa'adin wannan kwamiti ya ƙare tun cikin yaƙi, larura ce ta sa muka ci gaba da riƙo. Za a yi zaɓe a taron farko bayan Ƙaramar Sallah, kuma muna ba da shawarar a ware kujeru biyu ga ƙananan ma'aikata, biyu ga mata. Waɗanda ba su dawo ba tukuna za su jefa ƙuri'arsu ta WhatsApp a hannun dattawa uku da wannan taro zai zaɓa yau. Takardar rubuta suna da ranar da mutum zai iya fita aiki tana wurin mai tsaron ƙofa, a cike ta kafin a tashi.

Wassalamu alaikum.

Sakatare, a madadin kwamiti.