Zuwa ga aminina a Kano: fenaretin da ya hana ni barci

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya jikin Hajiya? Mu nan Jidda sai godiya, gumi dai yana nan yadda ka bar shi.

Kada ka yi mini dariya, labarin yara na fara rubutawa. Autana ne ya ja. Hausarsa ta kusa narkewa cikin Larabci, har ranar nan ya ce wa kakarsa zai fita wasa da kura. Tsohuwa ta dafe ƙirji tana salati, sai da muka fahimtar da ita cewa ƙwallo yake nufi. Na ce to, tunda ƙwallo ce ke shiga kansa, bari in bi da Hausar ta nan.

Yara biyu ne a wata firamare a Makka, Bahaushe da ɗan Yaman, bencinsu ɗaya, tamis da ful ɗinsu ɗaya, wato burodi da wake. Bahaushen ɗan baya ne, ba shi da gwani sai Usama Hausawi, haifaffen Makka da ya riƙe kambun kyaftin ɗin Saudiyya a Kofin Duniya na 2018, tare da Umar da Mu'utaz, Hausawi uku a tawaga guda. Biyar ɗin da Rasha ta zura mana a wasan farko kuwa ban saka ba, kowa ya rufa wa kansa asiri.

Da aka raba su aji, sai gasar makaranta ta haɗa su a wasan ƙarshe, aka kai ga fenareti. Bahaushen ne zai buga, ɗan Yaman ne a raga, kuma ya taɓa gaya wa abokinsa a asirce cewa ba ya iya faɗawa hagu. Nan alƙalamina ya tsaya, yau kwana tara. Autana ya ce Bahaushen ya narka masa kawai, yadda Salim Dausari ya yi wa Ajantina a 2022. Yaro man kaza.

Kai ne za ka warware mini. Ka tuna filin ƙurar nan na bayan Shara Mansur a Makka, ranar da na san yatsanka a targaɗe yake, na kuma auna wannan hannun? Mako guda ba ka kula ni ba, kuma har yau ban tambaye ka ba: cin ne ya ƙona maka rai, ko don ni ne na buga?

Ka turo amsa ta WhatsApp, da murya, ina son auta ya ji Hausar Kano. In an samu mai zuwa Umara, yajin nan ya ƙare.

Naka,
abokin ƙuruciya