Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Lafiya: Jade Goody da gwajin sankarar bakin mahaifa

Mai girma Minista, Farfesa Muhammad Ali Pate,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, labarin wata 'yar Ingila da ta rasu tana da shekara 27 na kawo maka, domin akwai abin da ya shafi ma'aikatarka a cikinsa.

Sunanta Jade Goody, an haife ta a unguwar Bermondsey ta Landan a 1981. Mataimakiyar likitan haƙori ce kafin ta shiga shirin Big Brother a 2002, irin shirin nan da ake tara mutane gida ɗaya, kyamara na ɗaukarsu dare da rana. Ta huɗu ta zo, amma ta fi wadda ta ci gasar suna, mafi yawa don jaridu sun mayar da ƙarancin iliminta abin dariya. A 2007 ta zubar da mutuncinta da bakinta, lokacin da ta ci zarafin jarumar Indiya Shilpa Shetty a wani zagayen shirin, har dubban mutane suka kai ƙorafin wariyar launin fata. Ba waliyyiya ba ce, ban kuma zo wanke ta ba.

A watan Agustan 2008 ta je Indiya ta shiga irin wannan shiri don ta gyara ɓarnar. Tana cikin gidan aka kira ta wani ɗaki, aka miƙa mata waya, aka ce sakamakon gwajinta ya fito: sankarar bakin mahaifa ce. Kyamara na kanta ta fashe da kuka. Ta koma gida, ta ƙi ɓoye ciwon. Mutane suka ga gashinta ya zube, suka ga ramar. An zage ta cewa da ajalinta take kasuwanci, ta ce 'ya'yanta biyu take tara wa abin rayuwa. Ta kuma faɗi abin da mata da yawa ba za su iya faɗa ba: asibiti ya taɓa aiko mata da takarda ta koma saboda an ga alamar matsala, tsoro ya hana ta. Ta rasu ranar 22 ga Maris 2009, wata ɗaya cif bayan ɗaura aurenta.

A tsakanin jinyarta da rasuwarta an samu ƙarin zuwa gwaji wajen rabin miliyan a Ingila, da yawansu matan da suka daɗe suna watsi da takardar gayyata. Nan ne nake so a tsaya. Kukan Jade ya yi tasiri ne saboda akwai inda za a je. Gwajin kyauta ne, sunan kowace mace na cikin rajista, ana kiranta daga shekara 25. Duk da haka, da labarin ya yi sanyi adadin ya sake sauka, kafin shekara goma ya faɗi ƙasa da yadda yake a da.

To, a ce yau wata fitacciyar 'yar fim ta fito ta ce tana da wannan cuta, mata suka tsorata. Matar da ke ƙauye a Misau ko Gumel ina za ta dosa? Asibitin sha-ka-tafi na kusa da ita awo da allurar yara ya sani. Yawanci sai jini ya ƙi tsayawa, an sha jiƙe-jiƙe, an ce sammu ne, kafin a kai ta asibitin koyarwa, lokacin aikin gama ya gama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 12,000 suka kamu a Nijeriya, kusan 8,000 suka mutu.

Na yaba da allurar rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa wannan sankara, da kuka fara a Oktoban 2023 don 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Ingila ta fara tata a 2008, kuma bincike ya nuna cutar ta ragu da kusan kashi 87 cikin ɗari a waɗanda aka yi wa suna 12 zuwa 13. Sai dai allurar ta 'ya'ya ce. Uwayen da suka riƙo hannunsu zuwa layin ba ta kare su.

Gwajin kuwa bai fi ƙarfinmu ba. Ma'aikaciyar jinya da aka horar za ta shafa ruwan khal a bakin mahaifa da auduga, ta haska fitila, ta jira minti ɗaya. Wurin da ya lalace sai ya yi fari, a ƙone shi tun bai zama sankara ba. Roƙona a sa wannan cikin aikin kowane ƙaramin asibiti, kyauta, kuma mace ta yi wa mace, don kunya da rashin yardar maigida sun isa su hana zuwa. Duk wadda aka ga alama a jikinta a karɓi lambar wayarta, a bi ta har gida in ba ta dawo ba.

Kai ne ka jawo sarakuna cikin yaƙin shan inna lokacin da kake shugabantar hukumar lafiya matakin farko. A sake neman su, da malamai da ungozomomi, amma sai kayan gwajin sun isa asibitocin tukuna.

Wassalam,
Wata 'yar ƙasa.