A Riƙa Duba Injin Burauza, Ba Waya Kaɗai Ba

Edita, assalamu alaikum.

A shafinku na kimiyya na makon jiya an shawarci wanda shafin intanet ke yi wa nauyi da ya sayi sabuwar waya. Ni mai gyaran waya ne, kuma ina da ja a kan wannan shawara. Wayoyin da ake kawo mini, har masu araha, yawanci ƙwaƙwalwa takwas ce a cikinsu, wato sassan da ke sarrafa ayyukan waya. Matsalar ita ce injinan burauza, wato ɓangaren manhajar buɗe shafukan intanet da ke tsara shafi ya nuna shi, an gina su ne tun zamanin da kwamfuta ke da ƙwaƙwalwa ɗaya, shi ya sa babban aikin tsara shafi ke bin layi ɗaya, sauran ƙwaƙwalen na zaune kamar 'yan kallo a gonar gayya.

Raba musu aikin kuwa ba wasa ba ne. Idan biyu suka taɓa wuri ɗaya a ma'adana, inda manhaja ke ajiye bayanan da take aiki da su, a lokaci guda, sai manhaja ta rikice, ko ta buɗe wa ɓarayin intanet ƙofa. Microsoft da Google duk sun ce kusan kashi 70 cikin 100 na manyan ramukan tsaro a manhajojinsu daga kuskuren sarrafa ma'adana suke fitowa. Mozilla, mai burauzar Firefox, ta gwada raba aikin salon shafi (launi da fasalin rubutu) sau biyu da harshen rubuta manhaja na C++, duka biyun suka ci tura.

Sai a 2012 ta fara wani sabon inji, Servo, da harshen Rust, wanda ke ƙin amincewa da irin wannan kuskure tun kafin manhajar ta tashi. Samsung ya shigo aikin a 2013. A Nuwamban 2017 aka ɗauko ɓangaren Servo mai suna Stylo, mai raba wa ƙwaƙwale aikin salon shafi, aka sa a Firefox 57, aka ga bambanci. Abin takaici, a 2020 Mozilla ta sallami ma'aikata kusan 250, har da masu Servo. Aikin ya koma hannun Linux Foundation, gidauniyar da ke kula da manhajojin da kowa ke iya sa hannu a gina su, sannan kamfanin Igalia na Sifen ya sake tayar da shi a 2023.

Burauzojin Chrome, Edge, Opera da Brave kuwa yau duk inji ɗaya suke hawa, wato Blink, ba Servo ba. Don Allah wakilinku ya bi mana labarin Servo, ya gwada mana burauzoji a kan ƙaramar waya, kafin a sake tura mutane kasuwa da kuɗin da ba su da shi.

Naku,
Mai gyaran waya, Kano