Jinkirin allunan jama'a: kusanto da kwamfuta kaɗai bai isa ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu fili mu ja hankalin masu girka allunan lantarki a filayen jirgin sama da manyan kantuna, irin waɗanda mutum ke haska lambar QR da wayarsa ya riƙa juya taswira ko neman bayani.

Babban ƙorafi shi ne jinkiri. Allon na gabanka taku biyu, amma duk abin da ka taɓa sai ya je cibiyar bayanai mai nisa ya dawo. Haske a cikin fayiba, zaren gilashin da ke ɗaukar saƙonnin intanet, yana cin kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, wato kowane kilomita 1,000 milisakan 10 ne zuwa da dawowa (milisakan 1,000 ne daƙiƙa ɗaya), ban da jiran layi a na'urorin hanya. Da jinkiri ya haura milisakan 100, yatsa da ido sun raba gari.

Maganin sananne ne tun 2009, lokacin da Mahadev Satyanarayanan na Jami'ar Carnegie Mellon da abokan aikinsa suka ba da shawarar a ajiye ƙaramar kwamfuta kusa da jama'a ta yi aikin nan take.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Kuskuren shi ne a sa kwamfutar a bayan allo, a manta da hanyar da wayar ke bi. Muddin tana kan data, saƙonta sai ya ratsa cibiyar kamfanin sadarwa kafin ya juyo, an yi ba a yi ba ke nan. Ko dai a haɗa wayar da Wi-Fi na ginin, ko a daidaita da kamfanin ya sauke saƙon a kusa, abin da 5G ya tanada. Wi-Fi ɗin ma ya zama mai aiki a zangon mitar rediyo na 5 GHz, domin 2.4 GHz layuka uku kawai gare shi da ba sa shiga juna, 1 da 6 da 11, cunkoso kuwa nan da nan yake shaƙe su.

Akwatin kwamfutar na buƙatar iska. In ta ɗau zafi da kanta take rage gudu.

Lambar QR allon ne ya kamata ya nuna ta, ya riƙa sauya ta. Ta takarda, ɗan damfara na iya liƙa tasa a kai. In mutum ya yi minti ɗaya bai taɓa komai ba, a yanke haɗin a goge bayanansa, lambar sirri da tikiti kuma su tsaya a wayarsa, kada su fito a allon da kowa ke kallo.

Wassalam.

Wasu injiniyoyin sadarwa