Ƴan uwa, kada a ba kyanwa farasitamol

Assalamu alaikum ƴan uwa masu kiwon kyanwa da kare.

Don Allah idan dabbarku ta yi laushi, kada ku ɗauko maganin mutane ku ɗura mata. Farasitamol guba ne ga kyanwa. Hantarta ba ta iya sarrafa shi kamar tamu, sai ya lalata mata jini har ya kasa ɗaukar iskar numfashi. Za ku ga fuskarta da tafin ƙafafunta sun kumbura, dasashinta ya koma ruwan ƙasa, tana ta haki. Ƙwaya ɗaya ma tana iya kashe ta. Ibuprofen kuwa yana yi wa kare gyambon ciki, ya taɓa masa ƙoda. Haka maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin permethrin, da an ɗiga wa kyanwa sai ta kama karkarwa da farfaɗiya.

In kyanwa ta riga ta sha farasitamol, ku garzaya asibitin dabbobi nan take, ku riƙo kwalin maganin. Likita zai tambayi yawan abin da ta sha da kuma lokacin, don akwai makarinsa idan an zo da wuri. Kada ku tsaya ƙoƙarin sa ta amai a gida.

Masu muzuru, wannan ya fi damuna: in kun ga yana yawan tsugunawa yana nishi amma fitsari bai fito ba, hanyar fitsarinsa ce ta toshe, kuma ba a kwana da ita.

Ɗan kwikwiyo da ya kai wata 3, a kai shi allurar rigakafin haukan kare, a ajiye katinsa.