Fiziks ba ta gama da maganar hankali ba, Malam Edita

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya sanyi. Na saurari shirinku na kimiyya na wannan makon inda baƙonku ya ce wai ƙwaƙwalwa inji ce kawai kamar kwamfuta, kuma nan gaba kaɗan fiziks zata bayyana komai har da tunani da ji. Wallahi maganar ta tsaya min a rai, shi yasa na ce bari in rubuto.

Ni fa malamin fiziks ne a wata sakandare a nan Jos, da ita nake ci da ita nake sha, don haka kar wani ya ɗauka adawa nake da ilimin. Amma mu faɗi gaskiya, ko duniyar da muke gani ma ba mu gama da ita ba balle abin da ke cikin kai. Masana da kansu sun ce duk abin da muka sani, taurari da duwatsu da jikinmu, kusan kashi 5 cikin 100 ne na abin da ke sararin samaniya, sauran kuwa suna kawai aka sa masa, baƙin abu da baƙin ƙarfi, ba wanda ya san mene ne. Ka'idar Einstein ta 1915 tana aiki a kan manyan abubuwa, ka'idar kwantom tana aiki a kan ƙanana, har yau an kasa haɗa su su zauna inuwa ɗaya.

Toh bar wannan. Akwai maƙwabcina makaho ne tun haihuwa, mutum mai kaifin basira, da yamma mukan zauna wajen mai shayi a bakin layi. Wata rana ya ce min malam mene ne ja? Na gyara zama na fara zuba masa, haske ne mai tsawon zango kusan nanomita 700, yana shiga ido, jijiya ta kai saƙo bayan ƙwaƙwalwa. Ya saurara tsaf, ya maimaita min duka babu kuskure ko ɗaya, sannan ya ajiye kofinsa ya ce toh na haddace, amma har yanzu ban san ja ba. Na yi shiru. Duk abin da na faɗa daidai ne, kuma ko na ƙara masa lissafi shafi ɗari ba zai kai shi inda yaro ɗan shekara uku yake ba idan ya kalli tumatir a kasuwar Farin Gada. Wannan giɓin ne masanin falsafa David Chalmers ya kira matsala mai wuya a 1995, wato me yasa motsin ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86 yake zuwa tare da ji, da zafi, da ɗanɗanon shayin nan da muke kurɓa. Ibn Sina ma ya taɓo wannan tun kusan shekara dubu da suka wuce, da misalinsa na mutumin da ke rataye a iska ba ya gani ba ya taɓa komai amma ya san yana nan.

Kuma mu Musulmi mun san ayar Suratul Isra'i ta 85 kan ruhi, cewa ba a ba mu ilimi ba sai kaɗan. Sai dai ina jin haushin masu fakewa da ayar su ce a daina bincike, ai likitan da ke sa mutum barci kafin tiyata da binciken nan yake aiki, ni kaina an min aikin afendis, aka ce in ƙirga zuwa goma, ban kai biyar ba na ɓace, na farka kamar ba a yi komai ba.

Abin da ya dame ni ɗalibaina suna jin rediyon nan, washegari uku daga cikinsu suka tare ni da maganar. Don Allah ku sake gayyato baƙon, ku haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa da malamin falsafa, ku buɗe layin waya. Ni da maƙwabcina zamu kira, tambayarsa tana nan.

Naku,
Wani malamin fiziks, Anguwar Rogo, Jos