Gwajin minti 30 bai isa a ce yaro ba shi da farfaɗiya ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ɗan ƙanwata mai shekara 9 ya daɗe yana faɗuwa, galibi da asuba. Jiki ya sandare, ya yi ta jijjiga, kumfa a baki, in ya farfaɗo bai san abin da ya faru ba. Muka yi karo-karo aka kai shi Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, aka yi masa gwajin EEG, wanda ake manna ƙananan wayoyi kamar 20 a fatar kai don ɗaukar motsin lantarkin ƙwaƙwalwa. Minti 30 aka cire wayoyin. Takarda ta ce ba a ga komai ba.

Da takardar nan aka rufe mana baki a gida. Kakarsa ta ce ai ga shi, asibiti ma sun tabbatar iska ce. Aka koma hayaƙi da rubutu. Ban raina addu'a ba, Allah shaida ne, amma shekara guda yaron nan yana faɗuwa, har ya ƙone hannu a murhu.

Sai daga baya wani likita ya zaunar da mu. Ya ce gajeren gwaji kamar mai gadi ne da ya tsaya rabin awa da rana, alhali ɓarawo da dare yake zuwa. Kusan rabin masu farfaɗiya gwajin farko ba ya nuna komai a kansu. In aka tsawaita har mutum ya yi barci, alamun sun fi fitowa. Akwai kuma wanda ake kwantar da mara lafiya awa 24 ko kwanaki, wayoyi a kai, kyamara na kallonsa, har faɗuwar ta zo a ga jiki da ƙwaƙwalwa lokaci guda. Nan ake rarrabe farfaɗiya da faɗuwar da damuwa ke kawowa, wadda maganin farfaɗiya ba ya yi mata komai.

Kwanaki a gadon asibiti ya fi ƙarfin aljihunmu. Likitan ya ce to mu ɗauki bidiyon faɗuwar da wayar salula. Uwar yaron ta ɗauka, hannunta na rawa, tana kuka. Ya kalla sau biyu, ya nuna mana yadda hannun dama ke fara karkarwa kafin sauran jiki, ya ɗora shi kan magani. Wata 7 ke nan bai faɗi ba, ya koma lakwal.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in an gano ciwon aka ba su magani daidai. Don Allah ku gayyato likitan ƙwaƙwalwa ya yi wannan bayani da Hausa, ya kuma faɗa wa mutane ba a ɗaukar ciwon ta miyau, kuma a daina cusa wa mai faɗuwa cokali a baki.

Naku,
wani mai karatu daga Zengo, Damagaram.